Binciken Farfesa Hadiza Galadanci Ya Kai Ɗakunan Haihuwarmu Kuwa?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni fili in ce wani abu a kan aikin Farfesa Hadiza Galadanci, likitar mata ta Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Lokacin da mujallar Time ta Amurka ta sa ta cikin mutum 100 masu tasiri a harkar lafiya a 2024, an yi ta yaɗa hotonta ana sam barka, kuma ta cancanta. Sai dai yawancin masu yabon, da za a tambaye su me ta yi, shiru za ka ji.

Ga abin da ta yi. Tana cikin jagororin binciken da ake kira E-MOTIVE, wanda Jami'ar Bamingham ta Ingila da Hukumar Lafiya ta Duniya suka ja ragamarsa, aka fitar da sakamakonsa a 2023. An gudanar da shi a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 200,000. Maganar ita ce zubar jini bayan haihuwa, wadda ke kashe mata kusan 70,000 duk shekara a duniya.

Duk wadda ta taɓa tsayawa a kan mai naƙuda ta san yadda abin yake. Jini na zuba, zane na shanyewa, wani ya bi katifa, ita kuwa nas ko ungozoma da ido take aunawa. Ido kuma yakan raina jini. Kafin a ce ya yi yawa, mace ta fara ganin jiri, jikinta ya yi sanyi. Sai masu binciken suka kawo wata leda mai aljihu, da ma'auni a jikinta, a shimfiɗa wa mace da zarar ta sauka. Idan jinin ya kai mililita 500, wato rabin lita, babu sauran gardama. Nan take a haɗa mata taimako gaba ɗaya: a murza mara don mahaifa ta tsuke, a yi allurar oksitosin mai ƙara tsuke mahaifa, a ba da maganin tsayar da jini na tranexamic acid, a ɗaura ƙarin ruwa, a duba ko ta ƙaru ko wani abu ya saura a ciki. Kafin nan ɗaya bayan ɗaya ake gwadawa, ana jira a ga ko na farko zai yi aiki. A asibitocin da suka bi sabon tsarin, mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta sun ragu da kashi 60 cikin 100.

Leda ce fa, Malam Edita, da magungunan da dama akwai su. Ba na'urar miliyoyi ba.

To ina ledar take? Tambayar da nake so wakilanku su ɗauka ke nan. Najeriya, ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta rasa mata kimanin 82,000 a wajen ciki da haihuwa a 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya, ba ta da uzurin barin wannan sakamako a cikin mujallar likitoci. A je babban asibitin ƙaramar hukuma, ba na koyarwa ba, a tambayi mai kula da ɗakin haihuwa: kuna da ita? An horar da ku? Oksitosin ɗinku a firji yake, tunda zafi na rage masa ƙarfi? Ko an ƙara ledar ne a cikin takardar kayan haihuwa da ake miƙa wa miji ya je ya sayo da tsakar dare?

Akwai kuma inda binciken bai taɓo ba, kuma ba laifinsa ba ne. A asibiti aka yi shi, alhali ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna cewa a Arewa maso Yamma haihuwa 16 kacal cikin 100 ake yi a asibiti a lokacin. Sauran a ɗaki suke durƙusawa. Har yanzu akwai gidajen da ake ganin haihuwar gida jarumta ce, a ce jinin da ke zuba ai datti ne ke fita, ko a zauna jiran maigida ya dawo ya ba da izini. Wannan aiki ne na malamai a mumbari, da masu unguwanni, da mu mazan da ke riƙe da kuɗin mota.

Don haka ina ba da shawarar ku gayyaci Farfesa ta yi bayani da Hausa, yadda kakar yara a ƙauye za ta gane alamun haɗari, sannan ku tambayi kwamishinonin lafiya na jihohinmu asibiti nawa suka sanya wa wannan leda a kasafin bana.

Na gode.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano.