A bar yara su taɓa dutse kafin su haddace sunansa

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana malaman kimiyya na ƙaramar sakandare kan darasin nan na yadda duwatsu ke rikiɗa daga wani iri zuwa wani.

Ni ma na yi shekaru ina zana da'irar rikiɗar nan a allo, ga ire-iren dutse uku, igniyos, sedimentari, metamofik, ga kibiyoyi, yara su kwafa su haddace su ci jarabawa shi kenan. Sai ran nan wata yarinya ta ce Malam wai dole ne dutse ya bi layi yadda kibiya ta nuna? Wallahi sai da na yi jim, don ba dole ba ne, giranait, wani dutse irin igniyos, in zafi da matsi suka kama shi can ƙarƙashin ƙasa kai tsaye yake rikiɗa ya zama metamofik ba sai ya fara farfashewa ya zama yashi ba. Ashe zanena ne ke ruɗa su.

Tun daga nan na canza salo. Kireyon zanen yara kala uku muke kankarewa, yara su tara garin su danne da ƙarfi har ya manne hawa-hawa, ga sedimentari. Mu ɗumama shi kaɗan mu sake matsawa, launukan su murɗe amma bai narke ba, ga metamofik. Sai in narkar da shi gaba ɗaya (wutar ni kaɗai ke taɓawa fa) ya huce ya daskare, ga igniyos. Bayan nan in miƙa musu giranait da basalt, dukansu igniyos, su jujjuya, su da kansu ke ganin ƙwayoyin giranait manya ne saboda a hankali ya huce a cikin ƙasa, basalt kuwa a waje ya huce da sauri.

Inda kireyon ke yi mana ƙarya shi ne lokaci, abin da muka gama cikin minti 40 ƙasa na ɗaukar miliyoyin shekaru, abin da masanin duwatsu James Hutton ya nuna tun 1788 kenan. Nan nake gaya musu ƙololuwar Ebares, tsaunin da ya fi kowane tsayi a duniya, dutsen farar ƙasa ce mai ɗauke da burbushin halittun teku, sai ka ga aji ya yi tsit.

Roƙona ga masu tsara jarabawa, a riƙa ajiye wa yaro dutse a gabansa ya faɗi yadda aka yi ya samu.

Naku,
Wani malamin kimiyya