Dattijon lambu da mujiyarsa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a jaridarku don in koka kan abin da ake yi wa wani dattijo maƙwabcina a nan Zariya. Baba yana da ɗan lambu a bayan gida, tumatir da alayyafo da yakuwa. Da asuba yakan barbaɗa toka a gindin shukar, kuma ya hana yara jifan mujiyar da ke kwana a kogon tsamiyarsa. Shi ke nan aka fara raɗe-raɗi, wai asiri yake binnewa, wai tsuntsuwar mayu yake kiwo. Har an hana yara gaishe shi.

Wallahi abin yana ci mini rai. Tokar itace taki ce, kuma tana rage ɓarnar wasu ƙwari. Mujiya kuwa ɓeraye take farauta da dare, irin waɗanda ke cinye hatsi a rumbu, har da masu yaɗa zazzaɓin Lassa. Babu wanda ya taka ya tambaye shi, alhali Suratul Hujurat, aya ta 12, ta hana mu yawan zato.

Ina roƙon mai unguwa da limaminmu su ziyarci Baba, su kuma yi wa jama'a bayani a masallaci.

Naku,
Wani mai karatu, Zariya