Wasiƙa daga Wusasa: Shugaba Ya Huta

Zuwa ga abokina, ɗan'uwana cikin Almasihu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya Fatakwal, yaya uwargida da yara? Yaya kuma ƙarin haƙuri? Ranar da na kira ka kuka ya hana mu magana, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto maka a tsanake.

Mun kai Shugaba, jagoranmu a Zumuntar Matasa, makwancinsa. Ciwon hanta ne, ya daɗe yana cinsa a tsaye, ko mu da muke wuni tare sai da idonsa ya yi ɗorawa muka gane. Ranar jana'iza majami'a ta cika maƙil har aka kafa rumfuna a waje. 'Yan Birget, samarin coci masu fareti, suka ɗauko akwatin, Zumuntar Mata suna biye da tuluna da caki. Rabaran ya yi wa'azi daga 1 Tasalonikawa sura 4, cewa kada mu yi baƙin ciki irin na marasa bege. Na yarda da wannan har zuciyata, amma wallahi na yi kuka kamar ƙaramin yaro, kuma ban ga laifin hakan ba.

Da ka ga waɗanda suka zo gaisuwa, da ka riƙe baki. Teloli abokan sana'arsa daga Tudun Wada, 'yan acaɓa, dattawa Musulmi daga cikin birni, duk sun zauna a tabarma tare da mu har yamma. Wani tsoho a cikinsu ya kama hannuna ya ce, "Ba ku kaɗai aka yi wa mutuwa ba."

Na san abin da yake nufi. Kai ka riga ka tafi kudu lokacin, labari kawai ka ji. Ranar Lahadi 17 ga Yuni, 2012, da aka tayar da bam a cocin ECWA na nan Wusasa, da cocin Christ the King a Sabon Garin Zariya, da wani kuma a Kaduna, yaranmu sun fito daga sujada idanu jajur, wasu har sun tsinci duwatsu da gorori. Shugaba ya je ya tsaya a bakin ƙofa. Bai ɗaga murya ba. Kiran su ya dinga yi ɗaya bayan ɗaya da sunan da uwar kowa ke kiransa a gida, yana cewa, "Ajiye, zo ka taya ni ɗaukar masu rauni." Haka ya raba su, wasu asibiti ba da jini, wasu neman yaran da suka ɓace a guje-guje. Ka san irin ramuwar gayyar da ta biyo baya a Kaduna ranar, da dokar hana fita. A cikin matasanmu babu wanda ya dawo gida da jinin wani a hannunsa.

Mutane suna ta ba da wannan labari, ni kuwa ina ganin ba a ranar ya yi aikin ba. Abin da ya sa suka saurare shi, shekarun da ya yi yana bin su ne. Yaro ya yi Lahadi biyu bai zo ba, sai ka ga Shugaba ya rufe shago da rana tsaka ya tafi nemansa, ko a tasha yake ko a gidan kallon ƙwallo. Ba ya yi masa wa'azi a wurin. Ya saya masa shayi da burodi, ya tambaye shi jikin mahaifiyarsa. Ka tuna Litinin ɗin Ista da muke hawan Dutsen Kufena? Kullum shi ne na ƙarshe a layi, yana jan masu haki. Ka tuna yadda yake shigar da sababbin yara tsohuwar majami'ar ƙasa ta St. Bartholomew, ya sa su dafa bangon, ya ce tun 1929 ake yabon Allah da Hausa a nan, kada wanda ya ce musu su baƙi ne?

Da muka je kwashe kayan shagon, a ƙarƙashin keken ɗinkin muka sami wani littafin rubutu duk ya sha man keke. Sunayen yara ne, kowanne da ajinsa da abin da ya rage na kuɗin makaranta, na WAEC, na JAMB. Wanda aka gama biya wa ya ja masa layi. Matarsa ta ce ko ita ba ta san yawansu ya kai haka ba. Akwai sunayen da ba a ja wa layi ba tukuna, cikinsu har da 'yar wani maƙwabcinsa Musulmi mai faci.

To, ɗan'uwa, wannan ne dalili na biyu na wasiƙata. Mu tsofaffin 'yan Zumuntar Matasa mun zauna, mun ce za mu ɗauki littafin, mu kuma kula da karatun 'ya'yansa. Ba na so ka takura kanka, na san kai ma kana da nauyi. Amma ka taɓa waɗanda ke Legas da Abuja, maganarka suna ji. Kuma ka kira matarsa. Tana yawan tambayarka.

Mama tana gaishe ka, ta ce ko za ku zo Kirsimeti. Ka gaida mutanen gida duka. Allah ya ta'azantar da mu.

Ni ne naka,
abokinka na Wusasa.