Rigimar Ƙera Kayan Sihiri a Wasan Labari

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci kan wata gardama da ta kusa tarwatsa zaman da muke yi da matasan ƙauyenmu a ƙaramar hukumar Ringim, inda kowace Asabar bayan la'asar muke shimfiɗa tabarma a zaure mu buga wasan Dungeons & Dragons. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da shi a Amurka a 1974, kuma kowane ɗan wasa yakan ɗauki jarumi guda, jagora yana ba da labari, ana jefa ɗan lido mai fuska 20 don a ga ko abin da jarumin ya yi niyya ya yiwu. Sihirin da ake ambata a ciki bai wuce na tatsuniya ba, irin wanda kakanninmu suke saka wa Gizo a baki.

Wani ɗalibina, wanda mahaifinsa maƙeri ne, ya ce jaruminsa zai ƙera takobin sihiri daga ajin da ake kira mai wuyar samu. Jagoranmu ya buɗe littafin jagora na bugu na biyar, na 2014, ya karanta cewa aikin zai ci zinare 5,000 na kuɗin cikin wasan, kuma ba a wuce aikin zinare 25 a rana, wato kwana 200 ke nan jarumin yana zaune a maƙera, abokan tafiyarsa suna jira. Nan take wani ya nuna a wayarsa cewa littafin Xanathar's Guide to Everything na 2017 ya rage abin zuwa mako 10 da zinare 2,000, da sharaɗin sai an nemo wani sinadari na musamman ta hanyar fuskantar wata halitta mai haɗari. Na uku kuwa, wanda ya koyi wasan a jami'a a Kano, ya dage kan tsarin tsohon bugun wasan na 2003, inda ake biyan rabin kuɗin kayan, a yi kwana ɗaya kan kowane zinare 1,000, sannan a sadaukar da wani kaso na makin ƙwarewa, wato makin da jarumi yake tarawa don ya ƙara matsayi. Kowa yana da gaskiya a littafinsa, sai muryoyi suka tashi har maƙwabci ya leƙo.

A ganina, ƙa'idar 2014 ta yi tsauri fiye da kima, domin idan aka bi lissafinta, kaya mafi daraja na zinare 500,000 zai ɗauki mutum guda kwana 20,000, fiye da shekara 54. Na fahimci tsoron da ya haifar da ita, wato kada ɗan wasa ɗaya ya cika jakarsa da makamai ya fi ƙarfin labarin. Amma tsarin 2017 ya magance wannan tsoro ta hanyar da ta fi daɗi, tun da neman sinadarin ya zama tafiya ta kowa da kowa. Ɗan maƙerin nan da kansa ya faɗi maganar da ta fi shiga raina, ya ce: "Malam, Baba ba ya hura zuga-zugi sai ya san inda ƙarfensa da gawayinsa suka fito."

Kuskuren namu ne tun farko, domin masu dara ma sukan daidaita kan ƙa'ida kafin a haƙa gurabu a ƙasa, mu kuwa muka yi wata huɗu muna wasa ba wanda ya tambayi littafin da za a bi. Yanzu mun rubuta yarjejeniya a bayan littafin jagora, kowa ya sa hannu, kuma hukuncin jagora shi ne na ƙarshe yayin wasa, ƙorafi sai an tashi.

Ina kira ga masu irin wannan zama a Gumel, Haɗeja da Dambatta su rubuto su bayyana yadda suke warware tasu gardamar.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Ringim, Jihar Jigawa.