Wasiƙa Zuwa Ga Sani Kan Manhajar Git da Allon Rabon Aiki

Aboki Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka.

Na ga tambayarka kan manhajar da ku shida za ku ɗauka don sarrafa Git (tsarin da ke adana tarihin duk sauyin da aka yi wa fayilolin aiki) da rabon aiki, na kuma ga ka jingina da taurarin da masu amfani suka ba kowace a G2 da Capterra, shafukan da ake rubuta ra'ayi kan manhajoji. Don Allah kada taurari su yanke maka hukunci. Wanda ya ba da biyar, ba ka san irin kwamfutarsa ba, ba ka san ko kamfaninsa ke biyan kuɗin ba, wasu ma katin kyauta ake ba su don su rubuta. Ka karanta masu taurari biyu da uku, su ne ke faɗin inda ke ciwo.

Ka fara da kwamfutocinku. Sourcetree na Atlassian kyauta ne, amma a Windows da Mac kaɗai yake aiki, kuma kukan da aka fi yi da shi shi ne nauyi idan ma'ajiya (repository, inda fayilolin aiki da tarihinsu suke) ta girma. GitHub Desktop ma kyauta ne, sabon shiga zai iya shi a wuni ɗaya, sai dai ƙwararru na ganin ya ɓoye abubuwa da yawa. GitKraken ana yabonsa saboda yadda yake zana rassa (layukan aiki daban-daban da ake haɗewa daga baya) a fili, yana kuma aiki a Linux, amma na kyautar ba ya buɗe ma'ajiyar sirri da ke intanet. Rubutun manhajar (code) abokin ciniki kuwa ba a barinsa a fili, don haka biya ya zama dole, da dala, a kan kowane mutum. TortoiseGit na Windows ne kawai, yana zaune a dannawar dama ta linzami.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, yawancin ƙorafin da ake ɗora wa waɗannan manhajoji ba laifinsu ba ne. Duk Git ɗin da Linus Torvalds ya rubuta a 2005 suke tuƙawa. Mutum zai ce manhaja ta ƙi kalmar sirrinsa, alhali GitHub, shafin da ke riƙe ma'ajiyoyi a intanet, shi ne ya daina karɓar kalmar sirri wajen tura aiki tun watan Agusta 2021. Sai token ko makullin SSH, wato shaidun sirri da ke maye gurbin kalmar sirri. Wani zai ce ya gyara layi ɗaya amma an nuna duk fayil ya sauya. Wannan bambancin alamar ƙarshen layi ne tsakanin Windows da Linux. Maganinsa fayil mai suna .gitattributes ɗauke da layin * text=auto, a saka shi tun ranar farko. Wani kuma turawarsa ta ƙi tafiya domin ya cusa bidiyo: GitHub na gargaɗi daga 50 MB, yana ƙin fayil da ya wuce 100 MB, kuma goge shi a sabon commit (ajiyar sauyi a tarihin Git) ba ya wadatarwa, tunda yana nan cikin tarihi. Irin waɗannan fayiloli Git LFS ake ba su, wato ƙarin Git da ke riƙe manyan fayiloli.

Mafi haɗari shi ne tura aiki da ƙarfi, wanda ke shafe na abokin aiki. Ku kulle babban reshe, idan kuma ta kama dole a wani reshen, a yi da --force-with-lease. Kowa ya koyi git reflog, da shi ake dawo da commit da ya ɓace.

Rabon aiki ya fi sauƙin zaɓe. Trello kati ne da ake ja daga layi zuwa layi, kowa na sonsa har sai katuna sun yi yawa an rasa wanne ke jiran wanne. Na kyautar allo goma yake bayarwa. Jira kyauta ne har mutum goma, yana da ƙarfi, amma yana buƙatar wanda zai zauna ya tsara shi, ku kuwa ba ku da wannan mutumin.

Ni dai shawarata, ku zauna a GitHub gaba ɗaya. Tun 2020 ma'ajiyar sirri kyauta ce ko ku nawa ne. Ku rubuta kowane aiki a Issues, ku jera su a allon Projects layi uku: na jira, ana yi, an gama. Idan aka rubuta Fixes #12 a saƙon commit, aiki na 12 zai rufe kansa da zarar an haɗe shi da babban reshe, ba sai wani ya tuna ba. Sababbi su ɗauki GitHub Desktop, mai Linux ya yi da layin umarni ko Git ɗin cikin VS Code, manhajar rubuta code. Kuma ka tuna musu commit ba ya buƙatar intanet, turawa ce ke buƙata, don haka ko sabis ya ɗauke a ci gaba da ajiye aiki ƙanana-ƙanana.

Ka rubuto mini irin kwamfutar kowannenku da girman ma'ajiyarku, in duba ko LFS zai zama dole. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
Bello