Ba a ganin Kura ta gilashin mota

Assalamu alaikum Malam Edita. Bayan gaisuwa, ka ba ni fili in amayar da abin da ke cina tun daren Asabar, kan shirinku na zagayen garuruwa da kuka ce kun je Kura. Ba ku je ba, ranka ya daɗe. Ta gefenta kuka wuce.

Wakilinku na hakimce a gidan baya, mai kyamara na leƙe ta taga. Me muka gani? Titin Zariya, buhunan shinkafa a bakin hanya, injin casa, sai wani ofis inda aka yi ta karanto mana takarda. Daga nan ya juyo ya shaida wa duniya wai rini da bugu sun mutu a Kura. Wa ya gaya masa? Ƙafarsa ta taɓa ƙasa?

Lungunan da ake wannan aiki mota ba ta shigarsu, wani wurin ko mai babur sai ya sauka ya tura. Ba a kuma kafa allo a ƙofa ba. Kunne ke kai mutum. Ka tsaya da hantsi ka yi shiru, za ka jiyo dukan itace yana tashi bi da bi, wannan ya sauke wancan ya ɗaga. Ka bi sautin har zauren, ka yi sallama, za a ce ka shigo.

Ni a cikin wannan ƙarar na tashi. Kakana marini ne, mahaifina mabugi, har ya rasu tafin hannunsa bai rabu da shuɗi ba. Turkuɗi ba a yin sa da gaggawa. Masaƙi ya saƙo shi siriri, ƙyallen da kaɗan ya fi faɗin yatsa, a bi a ɗinke ɗaya jikin ɗaya. A kai karofi, inda aka haɗa baba da toka aka bar su kwanaki suka nuna. A tsoma, a ciro ya sha iska, a mayar, a sake cirowa, har ya yi baƙi wuluk. Sannan ya zo mabuga, a ɗora kan gungume, a sa masa shuni, a yi ta bugu har ya riƙa ɗaukar ido, a naɗe a takarda. Shi ne rawanin da ake kira ɗan Kura, Buzayen Agadas su ce alasho, kuma shunin da ke zuba a fuskarsu ado ne a wurinsu, don shi suke biya. Ramin karofin kansa abin kallo ne, da laso aka shafe cikinsa, lason nan kuwa daga katsin da ya kwanta a ƙasan ramin ake yin sa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai fito a shirinku ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, da kuka rasa hoto sai kuka ɗauko tsohon na marinar Ƙofar Mata da ke birnin Kano kuka liƙa, kuna ta kiran sunan Kura a kai. Kun zaci ba za mu gane ba? Ƙofar Mata tana da girmanta, mun san 1498 ake ce an kafa ta, amma ba ita ce mu ba. Baturen Jamus ɗin nan, Barth, da ya shigo Kano a 1851 ya rubuta labarin turkuɗi da nisan da fatake ke kai shi, bisa dabba ya zo, ya kuma shiga kasuwa ya duba da idonsa. Ku da mota mai sanyi kun kasa.

Ba na musun cewa sana'ar ta ja baya. Ramuka da yawa sun bushe, wasu shara aka cika su da ita. Tun da ruwan madatsar Tiga ya iso gonaki samari suka ga noman rani ya fi kawo kuɗi da wuri, ga kuma garin rini na kanti da ba ya buƙatar jira. To ai labarin ke nan da ya kamata ku ɗauka, daga bakin dattawan da suka rage, ba ku yi wa mai rai jana'iza ba. Ku dawo da yaron nan da safe, ya ajiye mota a tasha, ni zan shige masa gaba.

Sai kuma tallan maganin basir da kuke yanko shiri da shi. Muryar mutumin ta fi ta shirin ƙarfi, kalamansa kuwa ba na gaban yara ba ne, da surukata muke kallo. Ku mayar da shi bayan ƙarfe goma na dare.

Naku,
Ɗan mabuga, daga Kura, Jihar Kano.