Godiya ga shagon kayan aiki na Adum da ya haɗa mana zarto mai bin layi

Assalamu alaikum Alhaji, da kai da yaran shagonka.

Mu kafintoci ne masu aikin kabad ɗin kicin da na tufafi a Aboabo, nan Kumasi. Mun zaɓi mu yi wannan godiya a fili saboda yabon gwani ya zama dole, kuma muna so abokan sana'a na Sokoban da Asawase su ji.

Duk wanda ya taɓa sayen inji a garin nan ya san yadda ake yi. Kafin ka biya, "Masta, Masta" ko'ina. Kana biya, kwali ya hau aboboya (babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya), shi ke nan an gama da kai. In ka koma da tambaya sai a ce ai akwai littafi a cikin kwalin. Akwai ma waɗanda za su miƙo maka injin Amurka mai bolt 120 ba tare da sun ce uffan ba, alhali wutarmu 230 ce. Ka jona ya yi hayaƙi, ka mayar a ce laifinka ne. Shi ya sa muka shigo shagonka da shirin faɗa, sai muka tarar babu abokin yi.

Matashin nan da ke kula da ɓangaren injuna, Allah ya yi masa albarka. Tun kafin a yi maganar kuɗi ya tambayi abin da muke yankawa. Da ya ji filawud ne da MDF (allon garin katako da aka matse) masu faɗin milimita 1220 da tsawon 2440, sai ya ce layi ɗaya, wato doguwar falankar alminiyam da zarton lantarkin ke bi a kanta, na mita 1.5 ya ishi yankan faɗi, amma yankan tsawo sai an haɗa biyu, domin zarton yana bukatar ɗan fili kafin katako da kuma bayansa. Akwai layi mai mita 3 a shagon, amma bai tura mu gare shi ba. Ya ce alminiyam mai wannan tsawo in yana yawo a bayan aboboya ba zai daɗe a miƙe ba, kuma layin da ya lanƙwashe ba shi da gyara.

Washegari ya biyo kayan har wurin aikinmu. Abin da ya fara yi shi ne hana kowa kunna injin. Dalilinsa: robar da ke bakin layin takan zo da ɗan ƙarin faɗi, kuma yankan farko ne ke datse ta daidai inda haƙoran zarton ke bi. Daga nan ita ce ma'auninka, ka ɗora bakinta a kan alamar fensir ka yanka. Sau ɗaya ake wannan yankan. In aka yi shi zarto yana rawa a kan layi, robar za ta fito da karkata, duk abin da ka yanka bayan nan zai gaji karkatar, sai dai ka ɓare ta ka liƙa sabuwa.

Don haka sai da ya bi komai daki-daki, filogi a cire. Ya ja fensir a jikin layin, ya juya shi kai ya koma gindi, ya sake ja, ya ga zanen biyu sun hau juna. Ya ɗora zarton ya murɗa 'yan maɓallan nan biyu na ƙasansa, na gaba da na baya, har rawar ta ɓace amma yatsa ɗaya yana iya tura shi. In ka matse su da yawa zarton zai riƙa cijewa, kai kuma ka riƙa dannawa da ƙarfi har layin ya goce. Sannan ya sa sukwaya ya duba ko faifan zarton mai haƙora yana tsaye a digiri 90, a jikin faifan ya jingina ta, ba a kan haƙori ba. Bayan duk wannan ne ya shimfiɗa guntun filawud a ƙasa, ya bar injin ya kai ƙarshen gudunsa, ya nutsa faifan, ya tafi a hankali ba tsayawa. Bakin layin na farko da na ƙarshe kuwa, inda zarton ba ya zama sosai, sai da ya haɗa layi na biyu sannan ya ƙarasa datse su.

Haɗin layukan ma akwai abin lura. Yawancinmu da mun manna bakin wannan da na wancan mun ɗaure. Shi kuwa ya bar tsakani kamar milimita 1, don ba lallai bakin ya zama sukwaya cif ba. Ya jingina dogon ma'aunin ƙarfe a gefen duka biyun, sannan ya ɗaure sukurorin mahaɗin kaɗan-kaɗan. Ɗaurin ƙarfi yakan lotsa alminiyam, zarto ya riƙa tuntuɓe a wurin.

Lissafin zurfi ya rubuta mana shi a bango da alli. Allo mai kaurin milimita 18, a ƙara kusan 5 na layin in ma'aunin injin bai lissafa shi ba, a ƙara 2 ko 3 don haƙori ya leƙo ƙasa. Wato 25 ko 26. A ƙarƙashin allon a sa soso mai tauri ko tsofaffin falankai a jere, yadda ɓangarorin biyu za su zauna bayan yanka. In ɗaya ya rufta ya matse faifan, zarton baya zai yi tsalle. Haka ma in aka nutsa faifai kafin injin ya ɗauki gudu. Ya ƙara da wata da babu ita a littafin: in wuta ta ɗauke kana tsakiyar yanka, ka saki maɓalli, ka ɗago faifan, kada ka bar shi a cikin katako yana jiran dawowarta.

Namu Makita SP6000 ne, faifansa milimita 165, ramin tsakiya 20, haƙora 48. Wannan faifan na filawud da melamin ne. Ga melamin, wato allo mai fuskar roba, a fara da zane mai zurfin milimita 2 zuwa 3, sannan a koma a yanke gaba ɗaya, fuskar ba za ta ɓantare ba. Tsaga katakon odum ko ofram a tsawonsa kuwa sai faifai mai ƙarancin haƙora, in ba haka ba katako ya ƙone, inji ya sha wahala. Kuma in an canja zuwa faifai mai wani kaurin, bakin robar zai iya daina faɗin gaskiya. Ƙura ma abokiyar gaba ce, balle in hunturu ya shigo: tana rufe robar ƙasan layin har ya riƙa zamewa. Tsumma mai ɗan laima ya wadatar, a ƙananan allo kuma a sa kilam, wato abin matsewa, ta ƙasa.

Rasit da takardar garanti an ba mu yadda ya kamata. Da muka miƙa masa kuɗin mota, sai ya ce Alhaji ya riga ya biya.

Abin takaicin shi ne wannan bai kamata ya zama abin mamaki ba. Amma kasuwa ta cika da faifan jabu mai sunan babban kamfani, wanda kafin allo goma ya dakushe. Ana sayar da inji ba a ajiye ko kabon na canji na motarsa ba. Mai shago bai san bambancin faifan tsaga da na gicciye ba, dala kawai ya sani, da ta motsa farashi ya motsa. Sayen kayan aiki ya koma cinikin biri a sama.

Roƙonmu ɗaya, Alhaji: a riƙa ajiye robar bakin layi da faifai mai haƙora 24 a shagon, don su ne za mu fara nema. Yaron nan kuma a riƙe shi da kyau. Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a kasuwa.

Naku,
Kafintocin kabad na Aboabo, Kumasi